Darasin Mako: Haƙorin da Ba Ya Famfara

Jama'a, mu masu sayar da alewa da lemon kwalba, 'ya'yanmu sun fi kowa sha. In haƙori ya yi rami sai mu ce ai zai yi famfara. To, ba duka ba. Wajen shekara 6 babban haƙori yake fitowa can ƙuryar baki, ba tare da wani ya faɗi ba. Shi na dindindin ne. In ya ruɓe sai cikewa ko cirewa, kuma mun san tsadar asibitin haƙori a Legas.

Iyaye, mu riƙa leƙa bakinsu. A goge musu da buroshi da makilin safe da dare, musamman dare, don yawu yana raguwa lokacin barci. Sunnar asuwaki ma mu koya musu tun yanzu.