Kamun Iskar Kabon da Ruwan Amin

Ɗalibin da ya taɓa zama ajin kimiyya zai tuna da gwajin ruwan farar ƙasa. Akan tace ruwan har ya yi garau, sa'an nan yaro ya hura numfashinsa a ciki ta ƙaramin bututu, nan da nan ruwan ya yi fari kamar tsinkakken nono. Abin da ya auku shi ne, iskar kabon dayoksaid da ke cikin numfashi ta haɗu da farar ƙasa, sun zama alli. Watau ruwan ya kama ta, ta sake kama, ba narkewa kawai ta yi ba yadda sukari kan narke a shayi. Wannan shi ne tushen abin da wannan maƙala za ta duba.

Sai dai alli mugun mai riƙo ne, ba ya sakin iskar da ya kama sai an gasa shi da zafin da ya kai digiri 900. Masana'antu kuwa suna bukatar ruwan da zai kama ya kuma saki, domin a yi ta juya shi. A shekarar 1930 wani Ba'amurke, R. R. Bottoms, ya sami rajistar dabarar yin haka da wani sinadari mai suna amin, dangin amoniya.

Hasumiya biyu ake ginawa. A ta farko hayaƙi yakan shiga ta ƙasa ya hau, ruwan amin kuma ya zubo daga sama, zafinsa bai wuce digiri 40 zuwa 60 ba. Cikin hasumiyar an cusa tarin ƙarafa masu ƙofofi don ruwan ya bazu, ya sadu da hayaƙin ko'ina. Iskar kabon ɗan tsami gare ta, amin kuwa kishiyar tsami ne kamar kanwa, saboda haka suna haɗuwa sai su ƙulle. Sauran iska, wadda mafi yawanta naitirojin ce, ta fice ta sama abinta. Daga nan a tura ruwan hasumiya ta biyu, a dafa shi da tururi har wajen digiri 120. Ƙullin ya kwance, iskar ta tashi, a matse ta a tura bututu, ruwan kuma a sanyaya shi ya koma bakin aiki. Ta haka ana iya kama kashi 90 cikin 100 na iskar.

To, a dafawar nan wahalar take. Ruwan da aka fi sani amin ɗinsa kashi 30 ne kawai cikin 100, sauran ruwa ne zalla, kuma dole a ɗumama shi duka. Tashar lantarki mai ƙona kwal takan rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na wutar da take bayarwa, ko ma fiye. Bugu da ƙari, iskar oksijin da ke cikin hayaƙi tana lalata amin, shi kuma yana cin ƙarfe.

Wannan ne ya sa dabarar ta zauna a wani wuri, ta yi tangaɗi a wani. A rijiyar Sleipner da ke Tekun Arewa, gas yana fitowa da iskar kabon kusan kashi 9 cikin 100, masu saye kuwa ba su karɓar fiye da 2.5. Tacewa ta zama tilas ko da babu batun ɗumamar duniya. Norwe ta sa haraji a kan iskar a 1991, saboda haka daga 1996 aka riƙa dura kusan tan miliyan ɗaya a shekara cikin dutsen yashi a ƙarƙashin teku. Zubarwa ta fi binnewa tsada, shi ke nan.

Tashoshin lantarki ba su sami wannan sauƙi ba. Ta Boundary Dam a Kanada ta fara a 2014. Ta Petra Nova a jihar Texas ta buɗe a 2017, tana sayar da iskar ga masu haƙar mai, su dura ta a tsofaffin rijiyoyi don man ya taso. Da farashin mai ya faɗi a 2020 sai aka rufe na'urar, hayaƙi ya ci gaba da fita ba tacewa, ba a sake kunna ta ba sai a 2023.