Layin Sanarwa a Cikin Kanel: Yadda Linux Ke Lura da Canjin Fayil, da Abin da Ke Faruwa Idan Layin Ya Cika

Idan aka ajiye sabon hoto a wata folda, sai a ga ya bayyana nan take a manhajar duba fayiloli ba tare da an danna komai ba. Haka ma manhajar da ke kwafe takardu zuwa ma'adana ta intanet, da an taɓa fayil sai ta kama aiki. Wa ke sanar da su? Kanel ne, wato zuciyar babbar manhajar kwamfuta. Buɗe fayil, rubutu a cikinsa, sauya masa suna ko goge shi, duk sai sun bi ta hannunsa, don haka shi ne ya fi kowa sanin abin da ya canza.

Wannan darasi zai duba yadda kanel na Linux ke jera waɗannan sanarwoyi a layi. Linux sa'an Jigawa ne: Linus Torvalds ya sanar da aikinsa ranar 25 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiri jihar bayan kwana biyu. A yau shi ne ke ƙarƙashin kowace wayar Android da ke hannun mutane a Dutse.

Daga leƙe zuwa sanarwa

Hanya mafi sauƙi ta gano canji ita ce manhaja ta riƙa leƙa foldar duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, tana kwatanta abin da ta gani da na baya. Wannan yana cin batir, yana wahalar da faifan ajiya, kuma fayil zai iya zuwa ya tafi tsakanin leƙe biyu ba a gan shi ba.

Linux 2.4, wanda ya fito a 2001, ya zo da dnotify. Matsalarsa ita ce dole a riƙe kowace folda a buɗe kafin a iya sa mata ido, kuma muddin tana buɗe ba za a iya cire filashin da take ciki yadda ya kamata ba. A watan Agustan 2005 Linux 2.6.13 ya kawo inotify, aikin John McCutchan tare da Robert Love. A 2009 Eric Paris ya ɗora shi a kan wani tushe mai suna fsnotify, wanda fanotify ma ke amfani da shi. FileObserver da masu gina manhajar Android suka sani, a kan inotify yake zaune.

Yadda layin yake aiki

Matakai uku ne. Da farko manhaja za ta kira inotify_init, sai kanel ya buɗe mata layi nata na kanta a cikin ma'adanar wucin gadi, wato RAM. Na biyu, ta kira inotify_add_watch ta faɗi foldar da take so a gadi da irin canjin da ya dame ta. Kanel ya ba ta lambar wannan gadi. Na uku, ta kira read ta kwashi abin da ya taru. Idan babu komai a layin, kanel zai kwantar da ita har sai wani abu ya shigo, ba ta cin komai daga ƙarfin kwamfutar.

Kowace sanarwa tana ɗauke da abu biyar: lambar gadin, irin canjin, wata lambar haɗi da ake kira cookie, tsawon sunan fayil, sai sunan kansa. Irin canjin na iya zama IN_CREATE idan an ƙirƙiri fayil, IN_MODIFY idan an yi rubutu, IN_CLOSE_WRITE idan an gama rubutu an rufe, ko IN_DELETE idan an goge. Sauya suna kuwa sanarwa biyu yake haifarwa, IN_MOVED_FROM da IN_MOVED_TO, kuma lambar haɗin ce ke nuna cewa abu ɗaya suke magana a kai.

Wanda ya riga shiga layi shi ke riga fita. Akwai kuma dabarar rage cunkoso: idan sabuwar sanarwa ta yi daidai da ta ƙarshe a layin da ba a karanta ba tukuna, kanel zai haɗe su wuri ɗaya. Rubutu ɗari a jere cikin fayil guda zai iya fitowa a matsayin IN_MODIFY ɗaya tak. Saboda haka ba a ƙirga yawan rubutu da yawan sanarwa.

Me ya sa layin yake da iyaka?

Mai rubuta fayil da mai karanta sanarwa ba gudunsu ɗaya ba. Idan mai karantawa ya yi nawa, zaɓi uku ne a gaban kanel. Zai iya tsayar da mai rubutu ya jira, amma hakan na nufin ƙaramar manhaja ɗaya da ta maƙale za ta iya daskarar da kwamfutar gaba ɗaya. Zai iya barin layin ya yi ta tsawo, amma a ƙarshe RAM zai ƙare. Ko kuma ya sa iyaka, abin da ya wuce ta ya zubar. Na ukun aka zaɓa.

Iyakar tana rubuce a /proc/sys/fs/inotify/max_queued_events, kuma a bisa al'ada 16,384 ce. Da zarar layi ya kai nan, kanel zai saka sanarwa guda ta musamman, IN_Q_OVERFLOW, mai lambar gadi -1, sannan ya zubar da duk masu zuwa har sai wuri ya samu. Ba zai faɗi guda nawa suka zube ba, ba kuma zai faɗi na waɗanne fayiloli ba ne. Saƙonsa kawai shi ne: an yi asara, a koma a duba da ido. Manhajar da ba ta kula da wannan saƙo ba za ta ci gaba da aiki lafiya ƙalau a zahiri, alhali ta yi ɓatan kai.

Misali daga Dutse

A ƙaddara wani shagon kwamfuta ne kusa da Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jihar. Lokacin rajista ɗalibai na kawo takardun sakamako, shaidar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma da hotunan fasfo. Mai shagon ya sa an rubuta masa ƙaramar manhaja da ke gadin folda ɗaya, duk abin da ya shigo ta tura kwafinsa intanet.

Da yamma yaron shago ya juye fayil 5,000 daga filashi zuwa foldar a lokaci guda. Idan manhajar ta nemi a sanar da ita komai da komai, kowane fayil zai haifar da aƙalla sanarwa huɗu: ƙirƙira, buɗewa, rubutu, rufewa. Jimilla 20,000 ke nan. Idan kuma manhajar irin wadda ke karanta sanarwa ɗaya ta tsaya tura fayil kafin ta dawo ce, ga sabis yana ja da baya, kwafin zai gama tun ba ta yi nisa ba. A raba 16,384 gida huɗu, za a samu 4,096. Kusan fayil 900 ke nan da ba za a taɓa jin labarinsu ba. Suna nan a faifan kwamfutar, amma ba su da kwafi a ko'ina. Ranar da faifan ya lalace, ɗalibin da ya taso daga Kiyawa ko Birnin Kudu neman takardarsa shi zai biya kuɗin wannan sakaci.

Matakan kariya

1. A nemi abin da ake buƙata kaɗai. A misalin nan IN_CLOSE_WRITE da IN_MOVED_TO sun wadatar, sanarwa ta sauko daga 20,000 zuwa 5,000. Akwai ƙarin riba: wanda ya dogara da IN_CREATE zai iya tura rabin fayil, domin ba a gama rubuta shi ba.

2. A raba karatu da aiki. Sashe ɗaya na manhajar ya riƙa kwashe layin da sauri yana rubuta sunaye a jerin kansa, wani sashen ya bi jerin yana turawa a hankali.

3. Idan aka ga IN_Q_OVERFLOW, a sake bin foldar gaba ɗaya, a kwatanta da abin da aka riga aka tura.

4. A yi wannan bi ɗin duk lokacin da manhajar ta tashi. Layin a RAM yake zaune. Idan aka ɗauke wuta kafin a tada janareta, ya tafi ke nan. A fara kafa gadin sannan a bi foldar, don kada wani abu ya sulale a tsakani.

5. Ana iya ɗaga iyakar da umarnin sudo sysctl fs.inotify.max_queued_events=65536, amma sai an sake kunna manhajar, domin kanel na ɗaukar adadin ne lokacin buɗe layi. Wannan sarari kawai yake ƙarawa, ba ya ɗauke wa kowa mataki na 3.

Abin da inotify ba ya yi

Ba ya shiga ƙananan foldoji da kansa, kowace sai an kafa mata gadi. Adadin gadin ma yana da iyaka a max_user_watches, wadda ta daɗe a kan 8,192 kafin Linux 5.11 ya fara daidaita ta da girman RAM. Idan ta cika sai a ga kuskuren ENOSPC ko da faifan bai cika ba. Ba ya faɗin wanda ya yi canjin. Haka nan idan foldar tana kan wata kwamfuta ce ta hanyar NFS, canjin da aka yi daga can ba zai iso ba.

Wannan tsari ba na Linux kaɗai ba ne. ReadDirectoryChangesW na Windows yana zubar da abin da ya tara idan ma'ajinsa ya cika, FSEvents na macOS kuma yana da alamar da ke cewa a sake bin foldar.

Gwaji

Mai Ubuntu zai iya saka inotify-tools da umarnin sudo apt install inotify-tools, ya ƙirƙiri folda mai suna gwaji, sannan ya rubuta inotifywait -m gwaji. A wata tagar ya kwafa hoto ɗaya zuwa ciki, ya ƙirga layukan da suka fito. Sai ya maimaita da inotifywait -m -e close_write gwaji ya ga bambancin. Daga nan ya buɗe manhajar da ya taɓa rubutawa mai gadin folda, ya nemo wurin da take kula da cikar layi. Idan babu, a nan gyara zai fara.