Injiniyan Sauti: A Neme Shi Tun Kafin A Sa Tubali

Yawancin lokaci sai an gama gini ake nemana. Za ka tarar da sabon masallaci, an lulluɓe shi da tayil daga ƙasa har bango, ga ƙubba ga gilasai, amma liman na huɗuba waɗanda ke sahun baya ba sa tantance abin da yake faɗa. Sai kwamiti ya ƙaro lasifika, lamarin ya ƙara dagulewa. Amsa-kuwwa ce ta yi yawa: murya ta bugi tayil ta dawo, kalmar farko ba ta gushe ba ta biyu ta hau kanta.

Wannan matsala tana da ma'auni, tana da magani. Tun 1895 Wallace Sabine na Jami'ar Harvard ya fara nazarinta a wani ɗakin lacca da ɗalibai ba sa jin malami, ya fito da lissafin da muke aiki da shi har yau. Idan na shiga ɗaki nakan fasa balan-balan, na'ura ta auna daƙiƙoƙin da sautin ke ɗauka kafin ya mutu. A aji, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne kimanin daƙiƙa 0.6. Kafet, labule mai kauri da silin mai tsotse sauti suna rage ɓarnar, amma gyara a takardar zane ya fi arha nesa ba kusa ba.

Aikin ya shafi lafiya ma. Ƙarar da ta kai desibel 85 na iya lalata ji idan mutum na wuni cikinta awa 8 kullum, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ku lura da mai injin niƙa bayan ya tashi aiki: da ihu yake hira.

Ɗalibai masu ƙarfi a lissafi da fiziks, wannan fanni yana jiranku. Jami'ar Southampton a Ingila, wadda ta kafa cibiyar binciken sauti a 1963, tana ba da digiri a kansa, haka ma Jami'ar Salford. Ana kuma iya fara karatun injiniyan lantarki, kanikanci ko zanen gine-gine a gida, sannan a ƙware a digiri na biyu.

Masu gina makarantu da masallatai kuwa, ku tambayi mai zanenku tun farko: na sahun ƙarshe zai ji? Kada ku amince da zanen sai ya ba ku amsa.