Cutar da ta tsai da aiki a asibitocin Ingila

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda take tafiyar da ita. Ita take tada injin, ta buɗe takardu, ta ajiye su. Waɗanda aka fi sani su ne Windows da macOS da Linux. Yawancin mutane ba su zaɓe. Abin da suka tarar cikin injin ran da suka saye shi, da shi suke aiki.

Manhaja kamar rumbu take. Komi kyan gini, ba a rasa ƴar kafa. In masu ita suka gano kafar, sai su aiko da faci ta intanet. Mai kwamfuta ne zai yarda a liƙa facin. Da yawa sukan ce sai gobe.

Ran 12 ga watan Mayu na shekara ta 2017, wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta ɓulla. Ta wata kafa ta Windows take shiga. In ta shiga, sai ta kulle duk takardun da ke ciki, ta ce a biya dala 300 ta Amurka kafin a buɗe. Ba ta jiran kowa ya taɓa komi, da kanta take tsallakawa daga wannan inji zuwa wancan. Cikin ƴan kwanaki ta kama kwamfuta fiye da 200.000 a ƙasashe wajen 150. A Ingila likitoci suka kasa duba takardun marasa lafiya, aka ɗage aikin tiyata, aka mai da mutane gida. A Faransa kamfanin Renault ya dakatar da ƙera motoci a wasu masana'antunsa.

Abin takaici, tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fid da facin wannan kafa. Wata biyu ke nan faci yana ajiye, ba a liƙa ba. Wasu kuma suna riƙe da tsohuwar Windows XP, wadda aka daina yi wa faci tun 2014.

Wani saurayi ɗan Ingila, Marcus Hutchins, mai shekara 22, shi ya gano dabarar da ta hana cutar ci gaba da yaɗuwa.

WannaCry ba ta taɓa Linux da macOS ba, don ba dominsu aka yi ta ba. Amma su ma suna da nasu kafofi. Ɓarayi sun fi bin Windows ne saboda ita ta fi yawa. Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fara a Finlan cikin 1991, kyauta ake samunta, kuma tsohon inji yana iya ɗaukar wasu irinta.

Tambayoyi
1. Mine ne aikin babbar manhaja?
2. Ta ina WannaCry take shiga?
3. Don mi cutar ta kama injuna da yawa, alhali akwai faci?
4. In za a sayi tsohuwar kwamfuta a kasuwa, mi ya kamata a tambaya game da manhajarta?