A Bar Yara Su Gwada Nauyin Ruwa, Mai Da Zuma Da Hannunsu

Aikina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare a cikin birnin Kano. Duk shekara idan muka zo darasin nauyin abubuwa, sai in tambayi yara: tsakanin ruwa da man gyaɗa, wanne ya fi nauyi? Kusan duka ajin ke cewa mai, hujjarsu ita ce ya fi kauri. Alhali da yawansu daga gidajen da ake ƙuli-ƙuli suke, kullum suna ganin mai yana tasowa saman ruwa. Idonsu ya gani, amma ba wanda ya taɓa tsayar da su ya tambaye su dalili. Wannan abu yana damuna, domin abin da ake bukata don a gyara shi yana nan a madafin kowane gida.

Idan aka cika gora mai cin lita 1 da ruwa, ruwan zai yi kilo 1. A cika ta da man gyaɗa, kimanin giram 920 za a samu. Kananzir wajen giram 800, zuma kuwa kusan giram 1,400. Mazubi ɗaya ne, nauyi ya bambanta, kuma wanda ya fi sauƙi shi ke hawa kan ɗan'uwansa. Kauri wani abu ne daban, shi ya shafi saurin zubar abu ne kawai.

Iyayena mata, ga yadda za ku yi da yaranku. A samu kofin gilashi, ko gorar roba da aka yanke wa kai. A fara zuba zuma kamar cokali uku. Sai ruwan zoɓo marar sukari, don jan launinsa ya fito da iyaka. A karkata kofin a tsiyaya shi ta gefe a hankali. Sai man gyaɗa. A jira kaɗan, za a ga hawa uku, zuma a ƙasa, zoɓo a tsakiya, mai a sama. Daga nan a miƙa wa yaro ƙusa, ƙwayar wake busasshiya da guntun kara. Kafin ya saki kowanne, ya faɗi inda yake zaton zai tsaya. Ƙusa za ta lume har gindi, karan zai zauna a sama, waken kuma zai ratsa mai da zoɓo ya tsaya a kan zuma.

Wannan tambayar ta kafin a saki abu ita ce zuciyar aikin, kuma a nan manya ke gaggawa. Don Allah kada ku ba shi amsa. Idan hasashensa bai yi daidai ba, kada a yi masa dariya ko tsawa, a ce masa, "To, me kake gani ya jawo?" Na lura yaron da ya yi hasashe ya ga saɓaninsa ya fi riƙe darasin fiye da wanda ya haddace ma'ana daga allo.

Idan zuma ta yi tsada, ƙwai da gishiri sun wadatar. Da damina masu sayen ƙwan zabi a Kasuwar Rimi kan jefa shi cikin ruwa: mai kyau ya nutse, baragurbi ya taso, saboda ƙwai idan ya daɗe iska na ƙaruwa a cikinsa. A ɗauki mai kyau ɗin a sa cikin ruwa, a riƙa ƙara gishiri ana juyawa har ya ɗago. Ƙwan bai canza ba, ruwan ne ya ƙara nauyi. Abin da ya sa ke nan mutum ke kwanciya a saman Bahar Lut, tekun gishiri da ke tsakanin Jodan da Falasɗinu, ba ya nutsewa.

Nakan faɗa wa ɗalibaina cewa malaman Musulunci sun yi nisa a wannan fanni. Al-Biruni ya auna nauyin ƙarafa da duwatsu masu daraja kimanin shekara 1,000 da suka wuce, Al-Khazini kuma ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marw wajajen 1121, ya jera nauyin abubuwa har da masu ruwa-ruwa.

Akwai kuma batun rai. Idan mai ya kama wuta a kaskon ƙosai aka watsa ruwa, ruwan zai nutse ƙarƙashin man, ya tafasa nan take, ya fantsama wutar sama. Fetur da kananzir ma a kan ruwa suke yawo, don haka ruwa yaɗa wutarsu yake yi. A lungunanmu na Yakasai, Mandawari da Koki, inda gida ke jingine da gida kuma motar kashe gobara ba ta shiga ko'ina, ya kamata kowace yarinya mai taya suya ta san a rufe kaskon da murfi ko a zuba yashi.

Shi ya sa ban yarda a sa kananzir ko fetur a gwajin gida ba. A tsaya kan kayan abinci, nesa da murhu, babba na zaune a wurin, kuma kada a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba ragowar zumar.