Manhajar Hira a Wayar Malam: Abin da Muka Gwada da Abin da Muka Gani

Barkanmu da sake haɗuwa a allon Kulob ɗin 'Yan Jarida. Darasinmu na wannan makon a kan manhajojin hira ne, masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI a taƙaice.

Ga abin da ya jawo maganar. Ranar wata Litinin malaminmu na lissafi ya shigo ajinmu, aji biyu, da sababbin tambayoyi goma a kan riba da faɗuwa. Da ya gama rubuta su a allo sai ya ce wayarsa ce ta taya shi shirya su. Nan take aji ya kaure da surutu. Wani daga baya ya ce, "To Malam, ashe nan gaba waya ce za ta riƙa koyar da mu." Malam ya yi dariya kawai, ya ce a ɗauki biro. Mu kuma maganar ta tsaya mana a rai, sai muka kai ta wurin malamin da ke kula da kulob ɗinmu. Ya ce mu bincika mu rubuta. Ya ara mana wayarsa ranar Alhamis bayan an tashi, yana zaune tare da mu, muka gwada da kanmu.

Mece ce manhajar hira?

Manhaja ce da mutum zai rubuta wa tambaya da magana irin ta yau da kullum, ita kuma ta maido masa da amsa a rubuce, kamar yana hira da wani. Wadda ta fi suna ita ce ChatGPT ta kamfanin OpenAI na Amurka, wadda aka fitar ranar 30 ga Nuwamba, 2022. Akwai Gemini ta Google, da Copilot ta Microsoft, da kuma Meta AI wadda ta shigo cikin WhatsApp a Najeriya a watan Afrilu na 2024. Wannan ta ƙarshen ce yawancinmu muka fara gani a wayar yaya ko ta baba.

A unguwa mun ji masu cewa akwai wani mutum a ɓoye da ke amsawa. Mun ma ji wanda ya ce aljani ne. Ko ɗaya babu. Abin da ake yi shi ne, ana tara rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga littattafai da intanet, a sa manyan kwamfutoci su bi su, har su gane wace kalma ce ta saba bin wace. Idan muka tsaya a gaban aji muka ce "Komai nisan jifa...", ba sai mun ƙarasa ba, kowa zai ƙarasa mana, domin kunnensa ya sha ji. To haka manhajar take haɗa amsarta, kalma bayan kalma, bisa abin da ta sha gani. Ku riƙe wannan da kyau, domin daga nan ƙarfinta yake, kuma daga nan kurakuranta suke fitowa. Abin da aka yi rubutu a kansa da yawa, kamar nahawun Turanci, tana iya shi sosai. Abin da ba a rubuta da yawa ba, kamar ƙauyukanmu, sai ta yi ta cika gurbi da abin da ya yi kama da gaskiya. Kuma ba ta jin kunya. Yadda take faɗin daidai da ƙarfin gwiwa, haka take faɗin kuskure.

Inda aka gwada ta

A Jihar Edo, a watannin Yuni da Yuli na 2024, gwamnatin jihar da Bankin Duniya sun yi gwaji na mako shida a Birnin Benin. Ɗalibai kusan 800 'yan aji ɗaya na babbar sakandare suka riƙa zama bayan an tashi, sau biyu a mako, suna koyon Turanci da Copilot. Da aka yi musu jarrabawa, sun fi 'yan uwansu da ba su shiga ba, har masu binciken suka kwatanta ƙaruwar da abin da ɗalibi kan samu a kusan shekara biyu. 'Yan mata ma sun ƙaru ƙwarai. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, ba a bar yaran su kaɗai da kwamfuta ba. Malamai ne suka riƙa buɗe darasin, suna zagayawa, suna nuna musu yadda ake tambaya da yadda ake gane amsar da ba daidai ba.

A ƙasar Saliyo kuwa malamai aka bai wa. A 2023 an yi nazari a kan malamai 193 daga makarantu 122 da ke amfani da wata manhaja mai suna TheTeacher.AI ta cikin WhatsApp. Abubuwan da suka fi tambayarta su ne shirin darasi, da bayanin abin da za su koyar, da yadda za su tafiyar da aji. Wannan ya fi kama da halin da muke ciki, domin makarantunsu ma ba su da yalwar littattafai, waya ce kawai a hannun malam.

A Ingila, wata cibiyar binciken ilimi da ake kira EEF ta fitar da sakamako a Disamba 2024. Malaman kimiyya 259 ne suka shiga, daga makarantu 68. Waɗanda suka yi amfani da ChatGPT sun riƙa gama shirin darasinsu cikin kusan minti 56 a mako, sauran kuwa kusan minti 81. Ragin minti 25 ke nan. Ba wani abin mamaki ba ne, amma malamin da ke da littattafan ɗalibai jibge a tebur yana jiran dubawa ya san darajar minti 25.

Abin da ya faru da tambayoyi goma

Mun koma wurin malamin lissafi muka roƙe shi ya ba mu labarin tambayoyin nan. Ya ce da farko rubuta mata kawai ya yi ta ba shi tambayoyi a kan riba. Sai ta kawo masa lissafin dala da tufa da kantunan da ba mu taɓa gani ba. Ya sake rubutawa, ya gaya mata cewa ɗalibansa 'yan aji biyu ne a Zamfara, ta yi da naira, ta sa gero da dawa da awaki, ta fara da masu sauƙi. Sai ga tambayoyi sun fito kamar a kasuwarmu aka shirya su. Ya ce darasi na farko ke nan: yadda ka tambaya, haka za a ba ka.

Darasi na biyu ya fi muhimmanci. Malam bai kwafe amsoshin haka nan ba, ya zauna da biro ya yi su ɗaya bayan ɗaya. Tara sun yi daidai. Ta goman ta ce wani ɗan kasuwa ya sayi buhun gero naira 40,000, ya sayar naira 46,000, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Manhajar ta ce kusan kashi 13. Malam ya ce ba haka ba ne, ta raba ribar da kuɗin sayarwa maimakon kuɗin saye. Ku duba fa. Da Malam bai iya lissafin da kansa ba, da dukan ajinmu mun kwafi kuskure a littafi, mun haddace shi, mun kai shi ɗakin jarrabawa.

Darasin gubar dalma

Wannan shi ne gwajin da ya fi taɓa mu. Mun rubuta wa manhajar cewa ta shirya wa malamin kimiyya darasi a kan gubar dalma. Cikin ƙiftawar ido ta kawo darasi mai tsari, da manufa, da bayani, da tambayoyi a ƙarshe. Ta faɗi gaskiya cewa dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma ƙananan yara ne ta fi yi wa illa. Sai dai misalanta duk na tsohon fenti ne da tsofaffin bututun ruwa, irin matsalar da ake fama da ita a Amurka.

Mu kuwa a nan mun san wani labarin dabam. A 2010, kafin a haifi yawancinmu, aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Dalilin shi ne duwatsun zinare da ake kawowa cikin gida ana daka su ana niƙa su, alhali akwai dalma a ciki. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta yi jinyar yara da yawa, kuma sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa. Aikin Bagega sai a 2013 aka yi shi.

Da muka gaya wa manhajar ta yi magana a kan Zamfara, ta kawo wasu daga cikin waɗannan bayanai daidai. Amma ta sa 'Yargalma a ƙarƙashin Anka, alhali a Bukkuyum take. Ɗaya daga cikinmu, wadda kakanninta 'yan can ne, ita ta fara cewa "A'a!" Da muka rubuta mata gyaran, ta ba da haƙuri ta amince nan da nan. Malam ya ce kada mu yi murna da wannan, domin sau da yawa ko gyaran ƙarya ka yi mata tana iya amincewa.

Akwai kuma abin da ba ta da hanyar sani. Ba ta san cewa a cikin ajin da za a koyar da darasin akwai wanda ya rasa yayansa a wancan lokacin ba, ko wanda gidansu har yanzu da haƙar zinare ake ci. Malaminmu ya sani. Shi ya san inda zai sassauta murya, da yadda zai ce a raba yara da ƙurar dutse, a wanke hannu kafin cin abinci, a canja tufafin aiki kafin a shiga gida, ba tare da wani yaro ya ji an ci mutuncin mahaifinsa ba.

Hausarta ma mun gwada. Tana ji, tana kuma amsawa, amma wani lokaci jimlar takan fito kamar Turanci ne aka sa wa riga. Da muka rubuta mata irin maganarmu ta gida, "wanga" da "shina" da "zamna", sai ta koma irin Hausar littafi. Malamar Hausa ta ce za ta iya amfani da ita wajen tsara tambayoyi, amma karin magana da kirari da tarihin Sarkin Zamfara gara ta aike mu wurin tsofaffi.

Matsalolin da ke gabanmu

Ba sai mun daɗe a nan ba, kowa ya sani. Manhajar tana son data, data tana son kuɗi, kuma daga aljihun malam suke fita. Waya tana son caji, wuta kuwa sai an gan ta. Sabis yakan zo ya tafi. Muna firamare a watan Satumba na 2021 lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet. Shi ya sa malamin lissafi ya ce duk abin da ya samu mai kyau, a littafinsa yake kwafewa da hannu.

Akwai batun sirri. Abin da aka rubuta wa waɗannan manhajoji yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfanoni a wasu ƙasashe. Don haka muna roƙon malamanmu, cikin ladabi, kada a sa sunayenmu, ko makinmu, ko sunan ƙauyenmu da na iyayenmu a ciki. A yanayin da yankinmu yake, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mu ɗalibai fa?

Hukumar UNESCO, a jagorar da ta fitar a Satumba 2023, ta ba da shawarar kada a sa yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji a aji. Yawancinmu 'yan aji biyu yanzu muka taka wannan shekarar, wasu ma ba su kai ba. Kuma gaskiya ɗaya ce, wasunmu sun riga sun fara sa ta yi musu aikin gida. A zangon da ya wuce an ba da insha'in Turanci a kan "garinmu", wani ɗan uwanmu, ba za mu faɗi suna ba, ya kawo rubutu mai kyau da ya ambaci jirgin ƙasa da bakin teku. Malama ta ce ya zo gaba ya nuna wa aji inda tekun Anka yake. Har yau bai gama jin tsiya ba.

Ra'ayinmu a kulob shi ne, idan za ka taɓa ta, fara yin aikinka da kanka tukuna. Bayan nan kana iya cewa ta sake yi maka bayanin abin da ba ka gane ba, ko ta ba ka ƙarin tambayoyi ka gwada. Abin da ta faɗa kuma ka gwama shi da littafi ko ka kai wa malam. Ranar jarrabawar kammala aji uku ba za a bar kowa ya shiga da waya ba.

Shi kuwa ɗan uwanmu da ya ce waya za ta karɓe aikin Malam, mun kai masa lissafin buhun geron nan ya yi mana. Shi ma kashi 13 ya samu.

Saura ku. An sayi buhu naira 40,000, an sayar naira 46,000. Ribar kashi nawa ce cikin ɗari? A rubuta amsa tare da yadda aka yi lissafin, a jefa a akwatin kulob da ke gefen wannan allo kafin ranar Laraba. Za mu liƙa sunayen mutum biyar na farko da suka ci a fitowa ta gaba. Banda tambayar waya.