Ɗankwali da Aikin Jami'a: Darasi daga Ƙasar Turkiyya

Gabatarwa

Wariyar da ake nuna wa mata Musulmi masu aiki a manyan makarantu iri biyu ce. Akwai ta fili, wadda kowa yake ganewa, akwai kuma wadda take fakewa a bayan dokar da aka ce ta shafi kowa da kowa. Wannan maƙala za ta dubi iri na biyun ne, ta hanyar abin da ya faru a ƙasar Turkiyya.

Asalin Dokar

Bayan juyin mulkin soja na 1980, gwamnatin Turkiyya ta fitar da ƙa'idar sutura ga ma'aikatanta a 1982, wadda ta wajabta wa mace zuwa wurin aiki kai a buɗe. Da yake malaman jami'o'in gwamnati ma'aikatan hukuma ne, sai ƙa'idar ta hau kansu. An tsananta aiki da ita bayan matsin da sojoji suka yi wa gwamnatin Necmettin Erbakan a watan Fabrairu na 1997.

Shari'ar Sevgi Kurtulmus

Wannan baiwar Allah malama ce a Tsangayar Tattalin Arziki ta Jami'ar Istanbul. A 1998 aka ladabtar da ita saboda ɗaura ɗankwali a bakin aiki, aka kuma ɗauka cewa ta ajiye aikinta. Ta kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, amma a 2006 kotun ta ƙi karɓar ƙarar. Ɗaya daga cikin hujjojinta ita ce ƙa'idar ta shafi dukkan ma'aikata, ba tare da duba addininsu ba.

A nan ne gizo ke saƙa. Malami namiji mai aƙida irin tata yana shiga aji ba wanda ya tanka masa, domin ba a ganin aƙidarsa a kansa. Ita kuwa sai ta zaɓi ɗaya, ko addini ko aiki. Ke nan doka ɗaya ce a rubuce, amma nauyinta a kan wasu kaɗai ya sauka. Daɗin daɗawa, an hana ɗalibai mata masu ɗankwali shiga aji, watau an toshe hanyar da malaman gobe za su fito.

Kammalawa

An sassauta wa ɗalibai tun daga 2010, sa'an nan a watan Oktoba na 2013 aka ɗage haramcin ga yawancin ma'aikatan gwamnati. Sai dai shekarun bincike da ƙarin girma da suka wuce waɗannan mata ba su dawowa. Saboda haka duk lokacin da wata jami'a za ta kafa ƙa'ida ga ma'aikatanta, wajibi ne majalisarta ta fara tantance waɗanda ƙa'idar za ta raba da aikinsu kafin ta sa hannu.